Yaya Ya Tafi Ya Bar Mini Inji a Buɗe

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Mai kowa Ya karɓi abinSa. Yayana, wanda abokan aikinsa na gareji suke kira Sannu-Sannu, ya cika a ɗakinsa bayan jinyar kwana shida. Mun yi kuka, mun kuma sallama.

Yaya, mutane suna ta ba da labarin alherinka, ni kuwa nawa guda ɗaya zan faɗa. Da ƙafata ta hagu ta mutu, shekara biyu na yi ban wuce ƙofar gida ba. Na zama mai faɗa, kowa yana kaffa-kaffa da ni. Kai ne ka turo wani tsohon babur mai ƙafa huɗu har tsakar gida, irin mai shan fetur gauraye da baƙin mai, ka ce, "Malam, ga ƙafafu huɗu, ka daina yi mana kukan guda ɗaya." Na ji haushi, amma na hau. Da shi na koma lambuna, na koma cikin mutane.

Watan jiya injin ya fara gurnani. Ka kasa kunne, ka ce boris ɗin ciki ne ya cinye, sai an raba gangar jikin injin gida biyu. Na ce a kai gareji, ka ce a gida za a yi, kuma da hannuna. Ni da na ƙare rayuwata da alli a gaban allo! Ka sa aka ɗora injin a kan teburin guga na matarka, tana ta mita, ka ja kujera ka zauna kana ba da umarni kamar alƙali.

Ka sa na zana siffar injin a jikin kwali, na huda gurbin kowane noti. Duk wanda na kwance, sai na soke shi a gurbinsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Da na ga na gama amma ɓarin biyun sun ƙi rabuwa, sai na ɗauko sukudireba zan cusa a tsakani in ɓanɓare. Wallahi ban san sanda ka make mini hannu ba, ni da furfurata.

"Ƙirga kwalinka," ka ce.

Huda goma sha ɗaya, noti goma. Na ƙarshen yana can laka ta binne shi. Ka bayyana mini cewa irin wannan inji ta cikinsa yake numfashi. In aka yi wa bakin haɗin rauni ko da ƙwarzane ne, iska za ta riƙa shiga, ya yi zafi ya ƙone. Na tono notin, na ɗan bubbuga da gudumar roba, sai ga shi ya buɗe salin-alin. Murnar da ka yi ta fi tawa.

A lokacin na ɗauka mugunta ce ta sa ka ƙi taɓa ko sifana. Ashe hannunka ne ya fara rawa, kana ɓoye shi cikin aljihu. Ka san abin da kake ji a jikinka, shi ya sa ka ƙi bari in dogara da kai. Washegari ka kwanta, ba ka ƙara tashi ba.

Ranar da aka kai ka, mota ta tsaya a gindin tudun da maƙabarta take, jama'a suka hau da kai a kafaɗa, ni kuwa aka bar ni a kujera ina kallo. Wannan ya ci mini rai ƙwarai. Na dawo na tarar da injin ɓari biyu a kan tebur, na ce shi ke nan, na koma zaman ɗaki.

Matarka ce ta ƙi yarda. Bayan mako biyu ta ajiye mini wata leda mai sanyi a cinya. Sababbin boris ne, ka saka su a firiza tun kafin ka kwanta, ka kuma gaya mata dalili: sanyi yana tsuke ƙarfe, zafi yana buɗa shi. Ta ɗumama ɓarin injin a kan risho, na saki kowane boris, ya faɗa gurbinsa ba tare da duka ba. Na shafa gam a bakin haɗin, na mayar da kowane noti inda ya fito, muka ɗora injin a jikin babur. Kwana uku muka yi muna fama, tana tsokanata wai hannun malami sai jan biro.

Jiya da safe na ja igiyar tayar da injin sau huɗu, ya tashi. Hayaƙi ya cika tsakar gida, matarka tana dariya tana share hawaye. Ban nufi lambu ba. Na hau tudun nan da kaina a kan babur ɗin, Yaya, na zauna a gefen kabarinka na yi maka addu'ar da ban samu yi a kusa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya buɗe maka ƙofar rahamarSa cikin sauƙi. Ga matarka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka, ina miƙa ta'aziyyata. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu iya riƙe abin da ka koya mana, Ya haɗa mu da kai a Aljanna. Amin.