Jibo Mai Tankaɗen Tabki

A Dogarawa in ka tambayi gidan Jibo, sai a ce kada ka wahalar da kanka, ka nufi tabkin bagaruwa. Can ya girma, can ya yi su har kifi ya yi ƙaranci. Matarsa Zahara'u takan ce kwaɗo ta aura, hula kawai aka ɗora masa.

Da masu bincike na jami'a suka fara zuwa neman ƙwarin ruwa, sai faɗuwa ta zo daidai da zama. Jibo ke shiga tsakanin itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, har iya ƙugu. Ya dama laka da ƙafa, ya zura raga mai dogon mariƙi ƙarƙashin saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, ya fito ya juye a farin daro. In ruwan ya kwanta, sai a ga rai na motsi ta ko'ina. Khadija, shugabar tawagar, ta tsince su cikin kwalabe: katantanwa, tsutsar sauro, ƴaƴan mazari. Mutanen gari na dariya, wai gardi guda yana tankaɗen taɓo. Ko a jikinsa. Da tafin ƙafa yake gane inda yashi ya ƙare, da inda laka mai sanyi take, da inda ganye ya taru, shi ya sa bai taɓa yarda da takalmi ba.

Sai fitsarin jini ya zo. Tsargiya ce, kuma daga katantanwar nan da yake kwasowa take fitowa. Aka ba shi magani, ya warke, ya koma, ta dawo. Ƙarshe likita a Konni ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: mafitsararsa ta gaji, in ruwan tabki ya sake taɓa fatarsa, ya kuka da kansa.

Damina ta wuce, wata ta biyo, Jibo na zaune a gaɓa yana gadin kwalabe, wani na shiga a madadinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Warin lakar nan da kowa ke toshe wa hanci, shi kewarsa yake yi, kewa mai ciwo. Ya rame, surutunsa ya ragu.

Bana Khadija ta sauko daga mota riƙe da wasu takalman roba masu kaiwa har ƙirji.

"Baba Jibo, ga su. Likita ya ce da waɗannan babu laifi."

Nan take ya zura su. Zahara'u ma ta biyo shi bakin tabki, tana cewa yau kam gida zai huta da tsaki. Ya shiga a hankali, ya ratsa tsakanin bagaruwa. Ruwa ya matse robar a cinyoyinsa. Ya dama laka, ya sake damawa, ya tsaya ya daɗe. Sannan ya ja raga, ya cika daro, aikin ya yi kyau, Khadija har da tafi.

Ya zauna a kan saiwa ya cire takalman. Ƙafafunsa a bushe ƙamas, har da ƙurar hanya tsakanin yatsu.

"To, Malam, rai ya yi sanyi?" in ji Zahara'u. "Yau dai ka shiga."

Ya dubi ruwan.

"A'a, Zahara'u," ya ce. "Takalma dai sunka shiga."