Ranar da Baba Ya Sauko da Baƙonsa a Bolewa

Duk abin da zan manta a duniya, ban da ranar da wani baƙo ya ɓata a unguwarmu ta Bolewa yana neman gidanmu.

Mahaifina tsohon sojan sama ne, amma har ya yi ritaya ƙafarsa ba ta taɓa taka jirgi ba. Aikinsa zama a ɗaki gaban rada, na'urar hango jirage a sama, yana gaya wa matuƙan jiragen yaƙi inda za su bi su je, da inda za su bi su dawo. 'Yan majalisarsa suka samu abin tsokana. Wani dillalin shanu ba ya kiransa sai "sojan saman kujera". Baba yakan yi dariya, amma ni da ke kai masa abinci na san abin na cinsa, don har fita ya rage.

Ran nan bayan la'asar ina tankaɗe, wayarsa ta yi ƙara. Wani ne ya zo takanas don ganinsa, shi da mai keke napep sun yi ta zagaye unguwa. Sai na ji muryar Baba ta canza, ta kwanta, ba gaggawa.

"Me kake gani a gabanka? To, bar masallacin a hagunka. Miƙe. A hankali. Yanzu karya dama. Yauwa, na gan ka."

Na leƙa ta zaure, sai ga Baba tsaye a ƙofar gida, 'yan majalisa na zaune a gefe. Wani dattijo mai furfura ya sauko daga keken, wayar na manne a kunnensa, yana dariya hawaye na zuba.

"Wallahi muryar ce! Oga, ban taɓa ganin fuskarka ba!"

A gaban 'yan majalisa ya durƙusa. Ya ce shi tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne. Lokacin yaƙi hadari ya taɓa rufe masa sama, mai na shirin ƙarewa, muryar nan ce ta lallaɓa shi har ƙasa. Yanzu tsofaffin matuƙa sun haɗu sun gina bango, sun rubuta sunayen masu rada, na raye da waɗanda suka rasu, Baba suke so ya je ya buɗe.

Dillalin nan ya kasa haƙuri. "Ranka ya daɗe, kai da jirgin a hannunka, sai na kujera ya nuna maka hanya?"

"Alhaji, ai kana kallo, ko gidan nan ban iya kawo kaina ba!"

Majalisa ta ɗauki dariya, har mai keke.

Baba ya je. Dillalin ne ma ya riƙe masa jaka zuwa tasha, yana gaya wa kowa Baba abokinsa ne tun ƙuruciya. Da Baba ya dawo ya ce ya daɗe a tsaye gaban bangon, yana bin sunayen abokan aikinsa da addu'a. Washegari tun hantsi ya ɗauki tabarmarsa ya fita majalisa.

Tun ranar na daina raina aikin da ake yi a bayan ƙofa. Wani yana zaune ne, amma ran wani na rataye a bakinsa.