Munduwar Kaka da Wayar Gwamnati

Kwanakin baya na tsaya shan iska a bakin hanya tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, sai iska ta taɓa wayoyin lantarki suka fara wannan ƙugin siriri. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Ni da na ga teku a Ikko, na yi fatauci har Fatakwal, na hau jirgin sama har na yi minshari a ciki, ga ni tsaye ina tsoron waya. Kar ka yi mini dariya tukuna, bari ka ji dalili.

Muna yara, wayar tarho ta bi ta bayan gonarmu. Tun zamanin Turawa aka ja ta don manya su riƙa magana da juna. Turaku ne a jere har iyakar ganinka, kowanne da farin kasko a kansa. Mu kan manna kunne a jikin turke mu ji yana gunji, manya su ce maganar hukuma ce ke wucewa. Ba mai taɓa ta. Ko Fulani in sun zo da shanu, sai su kaɗa su nesa da ita.

Ana nan, wata bazara aka ce gwamnati ta fasa wannan layin, za ta bi da shi ta hanyar mota. Ma'aikata suka zo suka kwance fararen kaskon nan, suka tafi abinsu. Gara ta ci gindin turaku, iskar farkon damina ta kayar da su. Damina biyu waya tana kwance cikin gero, ja wur, ba mai ita. Da farko tsallake ta ake yi da bismillah. Sai wani ya yanki kaɗan ya ɗaure danga, bai mutu ba. Wani ya yi mariƙin guga. Kafin ka ce me, kowane gida akwai rabon gwamnati a ciki.

Kakata, wadda ta haifi Baba, tana fama da sanyin ƙashi. Ta ji an ce jan ƙarfe yana zuƙe sanyi, sai ta sa Baba ya yanko mata kamu biyu. Maƙerin garinmu ya murɗe ta riɓi uku, ya naɗa mata a wuyan hannu, ya buge bakin da guduma ya haɗe. Ta bar mata wani koren shaci a fata, in ta yi zufa har ƙarnin ƙarfe kake ji. Ita dai ta ce ciwo ya tafi. Ta kan kaɗa mini hannun ta ce, "Ka gani, mijina? Kai ka kasa yi mini munduwa, gwamnati ta yi mini."

To, sai aka sami mulkin kai, sababbin mutane suka hau. Ran kasuwar Kurfi mai shela ya buga ganga ya ce gwamnati za ta tayar da tsofaffin layuka duka, waya dukiyar ƙasa ce, duk wanda aka kama da ko taƙi ɗaya, gidan yari. 'Yan doka za su bi gida gida.

Ka ga yadda gari ya rikice? Aka yi ta kwance danga ana watsa waya a daji. Ta kowa ta fita, ban da ta Kaka. Hannun ya cika, munduwa ta zauna daram. Aka sa man shanu, aka sa sabulun salo, fata ta saluɓe, ita ko gezau. Baba ya je wajen maƙeri ya ce ya zo ya datse. Maƙeri ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Wace munduwa? Ni fartanya nake ƙerawa."

A makon nan na ga an wuce da wani mutum daga wajen Barkiya. Igiya a ƙugunsa, naɗin waya a kansa, ɗan doka a gaba, ɗan doka a baya. Rumbunsa ya ɗaure da ita. Matarsa na biye da su daga nesa, ba ta kuka, tafiya kawai take. Da na ba da labari a gida, Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Kowa ya san wanda ya yanko ta Kaka.

Abin da ya ƙarasa mu, wata maƙwabciya ce ta shigo ta tsaya daga bakin zaure ta ce, "Ku kuwa kun manta aikin waya? Ɗaukar magana. Ai guntunta ma kunne ne." Kaka ta dubi hannunta. Shekara biyu ke nan ba abin da ba ta faɗa ba a kan haraji, da dagaci, da wanda ya naɗa dagaci.

Gidanmu ya koma kamar gidan makoki. Lokacin girbi ne, dammunan dawa jibge a tsakar gida, amma ba mai waƙar daka. In Kaka ta fito, sai a koma magana da hannu. Ta naɗe munduwar da tsumma ta ɗora wani tsumman. Da safe in ta idar da salla, sai ta ɗaga hannun kusa da baki ta ce da ƙarfi, "Allah ya ja zamanin gwamnati. Mu talakawa lafiya lau muke." Yanzu abin dariya ne. A lokacin kuwa ba mai dariya. Na je in zauna a jikinta yadda na saba, ta ture ni. "Matsa can, mijina. Kar su riƙe muryarka."

Ranar da aka ce 'yan doka sun iso garin da ke gabanmu, Kaka ta ɗaura zanenta na unguwa ta ce a ɗaura wa jaki akumari. Baba ya ce, "Iya, ina za ki?" Ta ce, "In kai musu kayansu. Gara su same ni da su same ka." Ya yi magiya, ta ƙi. Haka muka kama hanyar Dutsin-Ma, ita a kan jaki, ni da Baba a ƙasa. Tun safe har azahar ba wanda ya ce uffan, saboda kunnen gwamnati na tare da mu.

A gidan waya muka tarar da wani malami matashi, biro a bayan kunne. Kaka ta kwance tsumma ta ɗora hannu a kan teburinsa.

"Ɗana, ga ta nan. Ni na yanka da kaina, wannan yaron bai sani ba." Yaron kuwa Baba ne, da furfura a gemu. "Abin da kuka ji na faɗa a kan haraji kuma, tsufa ne."

Malamin ya dubi hannun, ya dubi Baba, ya sunkuyar da kai ya daɗe yana tari. Sannan ya ce, "Iya, ba mu ji komai ba. Waya ba ta ji sai an haɗa ta da wannan akwatin tarho." Ya jawo wata takarda. "Kuma wannan ta iso shekaranjiya. An sake shawara. An bar tsohon layi, sabuwar waya za a kawo. Ki tafi da munduwarki."

Baba ya sulale ya zauna a ƙasa. Kaka ba ta motsa ba. Ta ce, "To mutumin Barkiya fa?"

Malamin ya juya takardar gaba da baya. Ya ce, "Ba a rubuta shi a nan ba, Iya."

Sai bayan wata damina muka ga mutumin ya dawo, ya rame, rumbun nan ya zube.

Kaka ta yi godiya, amma ba ta yarda ba. Cewa ta yi wanda ya sake magana sau uku zai sake ta huɗu. Har ta koma ga Allah, in za ta yi gulma, sai ta tsoma hannun cikin randa tukuna.

Yau ga shi gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa harkar waya, kowa da tasa a aljihu, har mai tallan goro. Ni ma ina da ita. Sai dai in hira ta kawo kan manya, ban san lokacin da nake cire hula in kife a kanta ba. 'Yata ta kan ce, "Baba, a kashe fa take." Na kan ce na sani. Hular dai ba na ɗagawa sai an gama.