Kamun Garkuwa a Fagen Matankari

Waɗanda suke wurin ranar nan ina iya lissafa su har yau. Akwai mijina, tsaye a bakin fage, hannuwansa a baya. Akwai uwarsa, tsohuwa, an shimfiɗa mata buzu a gindin tsamiya. Akwai yayana, wanda ya taso daga Sukukutane a kan jaki, tare da ɗansa. Akwai sarkin fawan Matankari da mai kalangunsa, da wani gardi, wato ɗan sandan gwamnati, da aka turo daga Dogon Dutsi don kada taro ya rikice. Akwai baƙon ɗan dambe daga wajen Kabi, da mutanensa. Sai ɗan farina, wanda saboda shi muka fito. Ni ina can baya cikin mata masu sayar da fura, don ba a son a ga uwar ɗan fari tana kallon ɗanta. Amma ina kallo.

Kaka ce, hatsi ya shiga rumbu. Ba a daɗe da tafiyar Annasara ba, sabuwar tutar da ke gaban gidan kumandan, mai mulkin yankin, ma ba ta koɗe ba tukuna. Mu mahauta ne, gidan ubana da gidan mijina duka, kuma a wurinmu dambe gado ne kamar wuƙa. Ba a tambayar yaro ko yana so.

Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da tsumma da igiya har ya yi tauri. Shi ake kira mashi, da shi ake bugu. Ɗayan ana barinsa a buɗe a miƙa shi gaba, shi ne garkuwa. Yawancin ƴan dambe da garkuwa turawa kawai suke yi, ko tarewa. Mijina yana da wani abu nasa da yake kira kamu, wanda ya kada maza da shi lokacin ƙuruciyarsa.

Yakan ɗora wuyan hannunsa a kan wuyan hannun abokin karawa, ya bar shi sako-sako kamar ya gaji. Ba ya turawa, jira yake ɗayan ya tura. Da ya ji ƙarfin ya zo sai ya sakar masa hanya, ya juya tafinsa bisa, ya damƙe wuyan hannun, ya ja shi ƙasa ya gitta masa shi a ƙirji. Nan take hannun mutum ya tare masa nasa mashin, kunnensa kuma yana fili. Sai dai abin bai wuce ƙiftawar ido ba. In ba ka buga a ciki ba, to kai ka jawo mutum kusa da kai, garkuwarka tana can riƙe da hannun wani, kanka kuma babu abin da ya rufe shi.

Wannan ya koya wa ɗan farina. Bayan rumbu suke yi, da la'asar, in sun dawo daga kasuwa. Ni ina gefe da mazarina ina kaɗi. Mijina yakan ce masa, "Rufe ido. Hannu ka ji, ba ido ba." Su haɗa wuyan hannu su tsaya shiru, sai ka ce barci suke a tsaye. Uban ya tura, ɗan ya kama. Da farko yana kuskurewa, daga baya ya iya, har ya fi uban sauri. Bugu kuwa dabam ake koya masa shi, a jikin wata tsohuwar salka da aka cika da rairayi aka rataye a reshen aduwa. Yana bugunta har reshen ya yi kuka.

Abin da na gani shi ne wannan. In ya kama hannun ubansa ya gitta, mashinsa yakan tashi har kafaɗa, sai ya tsaya. Ya sunkuyar da kai. Ya saki. Uban ya ce madalla, a sake. Ba laifin yaron ba ne, babu ɗan da zai ɗora dunƙule a kunnen ubansa. Amma damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta zo, kullum haka: ya kama, ya tsaya, ya sunkuya. Na san yadda hannu yake. Nawa ma in na ɗauki mazari ba ya tambayata abin da zai yi.

Ban iya gaya masa da kaina ba. Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba. Tun yaye uwar mijina ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. In zan ba shi tuwo ajiyewa nake, in juya baya in ce a ɗauka. Haka muka tarar ana yi, haka na yi. Don haka uban na samu, wata safiya yana wasa wuƙaƙensa a kan dutse.

Na ce, "Maigida, yaron nan shina tsayawa."

"Wane yaro?"

"Ka san wanda nika nuhi. In ya kama, sai shi tsaya, shi duƙar da kai."

Bai ɗago ba. Ya ce, "To mi kika so? Shi hwashe mini kai cikin gidana?"

"A kira ɗan Yaya. Taubashinai ne, in ya mare shi dariya zai yi shi rama."

Tsakanin taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, babu kunya. Suna zagin juna, suna kokawa, ba wanda zai ce an yi rashin ladabi. Ɗan yayana kuma ƙato ne, zai iya shan bugu.

Mijina ya gwada kaifin wuƙa a farcensa. Ya ce, "Kamun ga daga kakana ya hito. Ba ni nuna ma mutanen Sukukutane shi, gobe su zo su kada mu da abinmu."

"Kai wa ya koya maka?"

"Babana."

"In ka kama, wa kaka bugu?"

Nan wuƙar ta tsaya a kan dutse. Ya san amsar, ni ma na sani, tsohuwa ta taɓa ba ni labari. Su biyu ubansu ya koya wa, shi da ƙanensa, wanda aka ɗauka soja a yaƙin Annasara bai dawo ba. Juna suke kamawa, juna suke bugu har jini ya fito, uban yana zaune yana kallo. Mijina ya riƙe kamun, ya manta da ƙanen. Ko kuma bai manta ba, ba ya son a tuna masa.

Ya ce, "Ki tsaya ga mazarinki." Ya ci gaba da wasa wuƙa.

Sai na bi ta wurin tsohuwa, tunda kaka tana iya faɗa wa jikanta komai. Ranar da yamma yana cin tuwo a ƙofar ɗakinta, ina jinsu daga wurin murhu.

Ta ce, "Maigidana, an ce mini kai ɗan dambe ne mai kunya. In ka kama ƙaton, gaishe shi za ka yi?"

Ya yi dariya da tuwo a baki. "Ke dai tsohuwa ki tanadi guɗa. In na kada shi, sakinki zan yi in samo mai haƙora."

"Wa za ta ɗauke ka da warin kitse? Ji nan. In ka kama, ka buga."

"Na sani, Kaka. Wa bai san wanga ba?"

Ya sani ɗin. Da kansa ya sani, ban ce bai sani ba. Ya kuwa riga ya kada samarin ƙauyuka da ƙarfi kawai, uban ya hana shi fitar da kamu a ƙananan fagage don kada a gane shi. Aka ajiye shi sai babbar rana. Babbar ranar ita ce wannan da nake faɗa.

Bayan la'asar aka fara. Mai kalangu ya yi wa baƙon kiɗa, ya yi wa namu. Baƙon ba yaro ba ne, gajere ne mai faɗin ƙirji, haƙoransa na gaba babu, damtsensa cike da layu. Suka duƙa, suka miƙa garkuwa, suka yi ta zagaya juna. Suka rabu ba a yi komai ba, aka watsa musu ruwa, suka koma. A karo na gaba na ga ɗan farina ya ɗora wuyan hannunsa a kan na baƙon, ya bar shi sako-sako. Na ajiye ludayin da ke hannuna.

Baƙon ya tura.

Ban taɓa ganin kamun ya fita da kyau kamar ranar ba. Hannun baƙon ya gitta a ƙirjinsa, jikinsa ya karkata, kunnensa na hagu ya fito fili. Tsofaffin da suka san mijina a zamaninsa suka miƙe tsaye. Baƙon da kansa ya runtse ido, ya san abin da ke zuwa. Mashin ɗan farina ya tashi har kafaɗa.

Ya tsaya. Ya sunkuyar da kai.

Baƙon ya buɗe ido. Na ga mamaki a fuskarsa, amma mutum ne da ya daɗe a fage, bai tsaya tambaya ba. Ya kawo mashinsa ta bisa nasa hannun, ya sauke shi a bayan kunnen yaron. Ƙarar ta iso har wurin masu fura, kamar an bugi tulun da ruwa ke ciki. Yaron ya faɗi bai tare ƙasa da hannu ba. Garkuwarsa tana nan riƙe da wuyan hannun baƙon, sai da mutumin ya durƙusa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

Kalangu ya yi shiru. Tsohuwa ta fara kuka a gindin tsamiya. Matar da ke kusa da ni ta riƙe mini zane don kada in ruga cikin fage, amma ban motsa ba. Na ga jini yana fita daga kunnensa, ba mai yawa ba, siriri. Yayana da ɗansa suka ciro ƙyauren kara daga wata rumfa suka ɗora shi. Taubashin da aka hana shi bugu, shi ya ɗauki wajen kai.

Da magariba maza suka cika mana zaure. Wani ya ce ya ga layun baƙon, ba na banza ba ne. Wani ya ce doguwar tsamiyar nan ce, wato aljanar da ke cikinta, an yi fage a gindinta ba a ba ta komai ba. Aka aika a kira boka daga wani ƙauye, aka ce kada a kwance wa yaron igiyar hannu sai ya zo ya duba, don a nan abin yake. Na kawo musu ruwan alwala, na ji mijina yana cewa, "Asiri ne. An ɗaure mai hannu, kowa ya gani."

Na ajiye butar. Na ce, "An ɗaure shi, gaskiya ne. Bayan rumbunmu anka ɗaure shi."

Yayana ya ce, "Ke, shiga ciki." Mijina bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Na shiga.

Yaron ya rayu. Daga baya an kai shi wurin likita a Dogon Dutsi, aka ce ƙashin bayan kunne ne ya tsage. Kunnen bai ƙara ji ba, bakinsa ya ɗan karkace, hannunsa na dama ya riƙa rawa. Bai ƙara riƙe wuƙa ba, shanyar fata ya yi har ya tsufa. Mijina bai sake zuwa bayan rumbu ba, salkar ta ruɓe a reshe ta zubar da rairayinta. Bai ƙara koya wa kowa kamun ba, da shi aka rufe shi. Bai ƙara cewa asiri ne ba, bai kuma taɓa cewa ba asiri ba ne.

Amma a ranar ba mu san zai rayu ba. Yana kwance a ɗakin tsohuwa, idonsa a buɗe, ba ya kallon kowa. Uban ya kira shi, shiru. Tsohuwa ta ce, "Maigidana, tashi ka sake ni ɗin mana," shiru. Taubashinsa ya duƙa ya ce, "Rago, bugu ɗaya ka kwanta? Tashi in gwada maka." Yaron bai ƙifta ba.

Washegari da safe na dama kunu na shiga ɗakin. Boka bai iso ba. Mijina yana zaune a bakin ƙofa, tsohuwa da yayana suna ciki. Na zauna a kan tabarmar da yake kwance, abin da ban yi ba tun yaye. Na ɗauki hannun mashin na ɗora a cinyata. Yatsun sun kumbura sun yi baƙi a ƙarƙashin tsumma. Yayana ya ce, "An ce a jira." Na nemo bakin igiyar na warware ta, na yar a ƙasa, na murza masa yatsun har suka buɗe.

Sannan na duƙa a kunnen da aka buga, na kira sunansa, a gaban ubansa da kowa. Bai ji ba. Na sa hannu na juya kansa a hankali, na sake kira a ɗaya kunnen. Idonsa ya yi yawo a rufin ɗaki, ya sauko, ya tsaya a kaina. Na tallafi wuyansa, na kai masa ludayi baki.