Wanda Yake Kunna Kwamfutata Ranar Juma'a

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina koyarwa a Wudil, akwai wata Juma'a guda da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, gashina ya yi furfura, amma idan na tuna ta sai in ji kamar jiya abin ya faru.

Lokacin ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ina zaune a Sabon Gari ni da matata. Na sayo wata tsohuwar kwamfuta a Kano, irin mai ƙaton allon nan kamar akwatin talabijin, na ajiye ta a ɗakin da ke jikin zaure. Masu kwamfuta a unguwarmu ba su da yawa, don haka duk mai son a buga masa takardar neman aiki ko katin biki wurina yake zuwa. Na sa mata kalmar sirri, ina kulle ɗakin idan zan fita, sai nake ganin ai na gama tsaro. Ƙuruciya ke nan.

Wata rana wani dattijo daga wani ƙauye a yankin Indabo ya yi sallama da ni. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da aiki, na tambayi gona da iyali, sai ya sassauta murya. Ya ce wani ɗan siyasa da ya samu shiga a sabuwar gwamnati yana neman ƙwace musu fadamar da suke noman rani a cikinta tun kakanninsu. Su goma sha ɗaya ne suka yarda za su kai koke, amma suna tsoro, domin mutumin yana da 'yan jagaliya.

"Malam, ka rubuta mana da Turanci yadda manya za su karanta," in ji shi. "Sunana kaɗai za ka sa tukuna. Sauran zan kawo maka nasu idan sun gama shawara. Amana ce na ba ka."

Na ce, "Baba, daga ni sai wannan na'ura. Ita kuwa ba ta da baki."

Na yi kwana uku ina gyara takardar. Ban buga ta a kan takarda ba, ban nuna wa kowa ba, ko matata ban gaya mata ba. Ranar Laraba ta mako na gaba dattijon ya dawo da sunayen sauran goman a rubuce da ajami, na shigar da su. Washegari Alhamis da hantsi sai ga shi a ƙofar makarantarmu, babu hula a kansa, ƙafafunsa duk taɓo. Wasu samari sun same shi a fadama da safe, sun farfasa injin ban-ruwansa, sun tattake masa tumatir. Abin da ya fi tayar masa da hankali, ɗaya daga cikinsu ya zaro takarda daga aljihu ya karanta masa farkon kokenmu, kalma bayan kalma, yana dariya. Suka ce saura sunayen sauran, kuma suna nan tafe.

"Malam, ban zo in zarge ka ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Amma kai ka ce na'urar ba ta da baki."

Na san idan sunayen nan goma suka fita, ba injin ban-ruwa kaɗai za a fasa ba.

Akwai wata malama a makarantarmu da ke koyar da kwamfuta, ta fi ni sanin cikinta nesa ba kusa ba. Na same ta a ɗakin malamai na gaya mata komai, ban da sunaye. Ta tambaye ni ko kwamfutar tana haɗe da layin waya, na ce a'a. Ta ce, "To, Malam, ba daga nesa ake shigar maka ba. Mutum ne yake zama a kan kujerarka." Ta ɗauki biro ta rubuta mini matakai a bayan takardar jarrabawa. Ta ce akwai wani wuri da kwamfuta take rubuta duk lokacin da aka kunna ta da lokacin da aka kashe ta, ko mai ita bai sani ba, kuma akwai jerin fayilolin da aka buɗe a baya-bayan nan.

Ana tashi na wuce gida, ko abinci ban tsaya ci ba. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Jerin ya fito. Yawancin lokutan nawa ne, na gane su. Amma sai na ga an kunna ta ranar Juma'ar da ta wuce, ƙarfe uku saura, an kashe ta bayan minti ashirin. Na ja sama, na ga irin haka a Juma'ar da ta gabace ta. Ni kuwa kowa ya san al'adata: idan aka sauko daga masallaci kasuwa nake wucewa, ba na dawowa sai bayan la'asar. Matata ma duk Juma'a tana Dagumawa wurin iyayenta. Na tashi na duba janaretana, na tuna yadda nake ta mamakin saurin shan mansa kwanan nan.

Sai na buɗe jerin fayiloli. A tsakiyar nawa na ga wani da aka ajiye a kan ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da muke ɗaukar aiki da shi a lokacin. An rubuta sunansa da manyan baƙaƙe duka, da lamba a gaba, kamar yadda tsofaffin masu buga tafireta suke yi a ofis. Ni ba na rubutu haka. Ba a fasa ƙofa ba, ba a fasa kalmar sirri ba. Kalmar kuwa laƙabin marigayiya mahaifiyarmu ce, wanda mu 'ya'yanta kaɗai muke kiranta da shi. Kuma mutum ɗaya na taɓa ba makullin ɗakin, lokacin da na je wani kwas: yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi shekaru yana buga tafireta kafin a rage ma'aikata a sallame shi.

Zuciyata ta ƙi yarda. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta. Na ce wa kaina sai na gani da idona.

Na kwashe ainihin takardar zuwa faifai na sa a aljihu. A gurbinta na bar wata mai suna iri ɗaya, na goge sunayen manoman duka, na rubuta suna guda a matsayin wanda ya shirya koken: nawa.

Ranar Juma'a, ana idar da salla na bi hanyar kasuwa kamar kullum, na gaisa da mutane don a gan ni, sannan na zagayo ta lungun baya na shiga gida. Na tsaya a cikin zaure bayan wata tabarma da aka jingine, inda nake hangen ƙofar ɗakin. Ina ta addu'a Allah ya sa kowa ne, ban da shi. Na fi rabin awa a tsaye, har na fara jin daɗi, na ce ƙila zato ne kawai. Sai na ji takun sawu, na ji makulli ya juya. Aka ja igiyar janareta sau biyu, ya tashi.

Na leƙa. Bayansa na fara gani, da hular da na sani. Ya buga kalmar sirri da yatsu goma ba tare da ya kalli madannai ba. Ya buɗe takardar, ya cusa faifai, ya gangara ƙasa inda sunaye suke. Nan ya tsaya. Ya matso da fuskarsa kusa da allon, ya daɗe a haka. Sai ya zare faifan a hankali, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Yaya," na ce.

Bai zabura ba, bai ma juyo ba. Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun jiya. Me ya sa ba ka kwafa ba? Ai suna suka ce ka kawo."

Ya juyo, idanunsa sun kaɗa. Ya ce ya shiga ne tun farko don ya buga takardar neman aiki ba tare da na ga halin da yake ciki ba, sai ya ci karo da koken. Ya kai wa ɗan siyasar, aka yi masa alkawarin mayar da shi aiki. "Sun ce lallashinsu kawai za su yi. Wallahi ban san za su taɓa kowa ba."

Na ce, "Da ka ga sunana ai ka san abin da za su yi. Su ma waɗancan ƙannen wasu ne, Yaya."

Ya ajiye makullin a kan tebur. Ban kai shi wurin hukuma ba, amma na ce sai ya bi ni Indabo. Washegari muka je, ya durƙusa gaban dattijon a bakin fadama ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Dattijon ya dube shi, ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ni kuwa da na buga masa takardarsa, ya karɓa daga hannuna ya yi godiya, bai sake kawo mini wani aiki ba har ya rasu. Sun kai kokensu da kansu, sunayen ba su fita ba kafin lokacin, kuma bayan doguwar shari'a fadamar ta zauna a hannunsu. Ni da yayana mun kai shekara uku gaisuwa kawai ke haɗa mu, kafin zumunci ya dawo a hankali.

Abin da na koya shi ne, idan mutum ya damƙa maka sirrinsa, ba ka da ikon auna tsaronsa da yardar da ka yi wa naka. Ni na yarda da ɗan'uwana, amma wanda ya biya kuɗin wannan yarda wani tsoho ne da bai taɓa ganinsa ba.