Fitilar Ɗakin Fetur

Shekarar da na zo goyon ciki gidanmu a Koki, ita ce shekarar da Baba ya ƙera fitilar ɗakin fetur. Turawa ba su tafi ba tukuna. Wutar lantarki ta fara shigowa birni, amma gidajen da suka samu ba su da yawa, namu kuma ba ya cikinsu. Cikin fari ne, da ya tsufa aka maido ni gaban Inna kamar yadda aka saba, in haihu, in yi wanka, sannan in koma ɗakina.

Baba maƙerin fari ne, tagulla da azurfa yake aiki a soron ƙofar gida. Mutum ne mai hannu, kuma ya san yana da shi, wannan ne ma ciwonsa. In aka kawo masa wani abin Turawa, makulli ne ko marfin wata na'ura, sai ya juya shi a tafin hannu, ya taɓe baki, ya ce a dawo jibi. In an dawo sai ya ajiye guda biyu a kan buzu, ya ce mai kaya ya ɗauki nasa. Sau da yawa mutum ya ɗauki na Baba. Ranar da aka yi haka har tuwo ya fi ci.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce mini. Ni kaɗai ce a gidan nake zama a bakin ƙofar soro ta ciki ina zuba surutu yana aiki, ba ya kora ta. Inna ta sha cewa shi ya ɓata ni, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Maigidana yana aiki ne wajen wani Alhaji, Babarbare, abokin Baba tun na ƙuruciya, wanda yake sayar da kananzir da fetur wajen Ƙofar Mata. Shi ne mai tsaron sito. Daga duro yake zuƙo mai ya cika garwa, wuni guda yana cikin ɗakin. In ya dawo gida warin yake riga shi shigowa, ko an wanke rigar da sabulun salo ba ya fita. Ɗakin ba shi da taga sai 'yar kafa can sama. Ba a shiga da aci-bal-bal, ba a shiga da taba, ko takalmi mai ƙusa ba a yarda a shiga da shi ba. Kafin a sa lantarki, da lalube da hasken ƙofa yake aiki.

Da aka jawo wuta wurin, sufeton lantarki ya ce ba za a rataya ƙwai tsirara a ɗakin nan ba kamar na sauran shaguna. Sai da aka aiko da wata fitila ta jirgin ruwa, daga Ikko kuma ta hau jirgin ƙasa. Jibgegiya ce, jikinta ƙarfe, gilashinta mai kauri, an kewaye shi da sanduna. A gefenta akwai ɗan farantin tagulla da bai wuce yatsu uku ba, an daddanna rubutun boko da tambari a kai. Sufeto ya duba farantin nan, sannan ya yarda aka ba da wuta.

Kasuwa ta buɗe wa Alhaji, ya gina ɗaki na biyu. Da ya nemi wata fitilar aka ce masa sai bayan damina za ta iso. Alhaji kuwa ba ya iya jiran ko da ruwan alwala ya huce. Ya sa aka kwance ta farkon, aka naɗo ta a buhu, aka dire a gaban Baba. Ina bakin ƙofa na ji shi yana cewa, "Na ce musu ina da mutum a Koki."

Baba ya juya ta, da ƙyar, don ba ta juyuwa a tafin hannu. Wannan karon bai ce jibi ba. Amma ya taɓe baki.

Ban taɓa ganin ya ba wani aiki ransa kamar wannan ba. Ya gina siffarta da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa, ya tsiyaye kakin, ya zuba narkakkiyar tagulla. Zubin farko bai yi masa ba, ya fasa ya sake. Gilashi kuwa Alhaji ne ya samo wata kwalbar alawa mai kauri daga kanti. Da aka goge fitilar da toka da tsamiya, wallahi ta Turawan kusa da ita kamar baiwarta.

Har gyara ya yi musu. Ya lura inda murfin ya haɗu da jiki, ƙarfe ne kawai a kan ƙarfe, baki mai faɗi an goge shi sumul, babu komai a tsakani. Ya kira ni ya nuna mini. "Kin gani, uwata? Duk wayonsu sun manta. Ko tulu ana yi masa abin toshi." Ya yanka jar fatar akuya ya shimfiɗa a bakin tasa, ƙananan ramukan da zubi ya bari kuma ya cike su da dalma. Na yaba masa, don a lokacin ni ma abin ya burge ni.

Ranar Juma'a bayan la'asar maigidana ya zo duba ni. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa nesa da buzun Baba, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa. Haka suke tun da aka ɗaura aure, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ba hira, ba haɗa ido. Baba cikin jin daɗi ya yaye tsumman da ya rufe fitilar, ya ce, "Ga abokiyar aikinka nan." Maigidana ya dube ta, ya ce, "Ma sha Allahu, Allah ya ƙara basira." Amma ni na san muryarsa.

Da muka keɓe a soro na biyu na ce, "Malam, lafiya?"

Sai da na sake tambaya. Sannan ya faɗa mini abin da sufeto ya koya masa ranar da aka ɗaura ta farkon. Ya ce iskar fetur ba abin da yake tare ta, ko ta ina sai ta shiga, har cikin fitilar. Waɗanda suka ƙera ta sun san haka. Ba su yi ta don su hana iskar shiga ba, sun yi ta ne don in tartsatsi ya tashi a ciki, iskar ta kama, fitilar ta riƙe wutar a cikinta. Wannan baki mai faɗi da Baba ya ce an manta, shi ne hikimar. Zafin yana bi ta tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kafin ya fito ya huce, ba zai iya kunna ɗakin ba. Fata kuwa ƙonewa za ta yi, dalma ta narke, kwalbar alawa ta tarwatse.

"Farantin nan fa," in ji shi, "ba ado ba ne. A ƙasarsu akwai wurin da ake kai irin fitilar, a cika ta da iska mai kamawa, a sa ta a ɗakin da shi ma aka cika, a kunna mata wuta a ciki da gangan, a yi ta maimaitawa. In ɗakin bai kama ba, sannan a ba su izinin buga tambarin."

Na ce, "To ka gaya wa Alhaji mana."

"Na gaya masa. Ya ce ni na fi babanki sanin ƙarfe?"

"Sufeto fa?"

"Farantin zai duba. In Baba ya yi faranti, ko wanda ya yi na farkon ba zai rarrabe ba. In kuwa ni na kai magana, surukina na kai ƙara gaban hukuma. Da wane ido zan sake shigowa gidan nan?"

Na tambaye shi abin da zai yi. Ya ce zai kunna ta, Allah na nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa yi masa rakiya. Mutum ya gwammace ya ƙone da ya ɗaga kai ya dubi surukinsa! A lokacin wauta na ɗauke shi. Yanzu da na tsufa na gane ba shi kaɗai ba ne, dukkanmu haka aka rene mu, kuma kunyar nan ta riƙe gidaje da yawa da ba don ita ba da sun watse. Sai dai fetur bai san surukuta ba.

Na kai wa Inna maganar tana tankaɗe. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce maganar maƙera ba ta mata ba ce, mai ciki kuma ba a son ta da yawan tunani, in je in sha kununa. Na sha kunun, tunanin bai tafi ba. Kwanaki ina kallon Baba ta ƙofa. Ina sonsa, ina jin tsoron abin da hannunsa yake yi, kuma ban taɓa sanin za a iya jin biyun nan a lokaci guda ba.

Ranar da ya zauna yin farantin, da hantsi ne. Ya riga ya huda jikin fitilar inda zai kafa shi. Ya ajiye na Turawan a gabansa yana kwaikwayo da ɗan kurfinsa na zane a ƙarfe, harafi bayan harafi. Baba bai iya boko ba, a wurinsa zane ne kamar wanda yake yi a jikin munduwa. Na zauna a wurina na kullum.

Na ce, "Baba, me rubutun yake cewa?"

Ya ce, "Sunan masu ita ne, ina ji."

Na ce, "An ce cewa yake, mun sa mata wuta a ciki, mun gani da idonmu, ba ta fito ba."

Hannunsa ya tsaya. Na san inda na taɓa. Shekarun baya an kira shi gaban alƙali kan rigimar katanga tsakanin maƙwabta, wanda yake da gaskiya amininsa ne, kowa ya sani. Baba ya ce shi ji ya yi, bai gani ba, ya ƙi ba da shaida. Aminin nan ya daɗe ba ya amsa masa sallama.

Amma girman kai ba ya sauka da wuri. Ya ce, "Tawa ta fi tasu kauri. Ɗaga ki ji."

"An gwada ta, Baba?"

"Shekara nawa ina zubi, uwata? Wa ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

Ya sunkuya ya ci gaba da aiki. A nan ne na yi abin da 'ya mace ba ta yi. Tun da na zo gidan, ni da shi ba wanda ya nuna ya san dalilin zuwana. Da mayafi nake rufe jikina in zan wuce ta gabansa, shi kuma sai ya kau da kai. Na sauke mayafin, na ɗora hannu a kan cikina, na ce, "Baba, wanda zai riƙa kunna ta kullum da safe uban wannan ne."

Na ji Inna ta saki faifai a tsakar gida, ashe tana ji. Baba bai ɗago ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ya ce, a hankali, "Shiga ciki." Bai ce uwata ba.

Washegari ya naɗe fitilar Turawa a buhunta, ya sa aka ɗauka, ya bi ta da kansa har Ƙofar Mata. Ban san abin da suka faɗa wa juna shi da Alhaji ba. Na dai san Alhaji ya daina zuwa hira soronmu har aka yi girbi, kuma a kasuwa an yi ta cewa aikin Turawa ya gagari maƙerin Koki. Baba ya ji, bai ce uffan ba, ga shi mutumin da ba ya barin a taɓa sunan hannunsa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don na san ba gagararsa ya yi ba. Ɗaki na biyu ya zauna a kulle har fitilarsa ta iso bayan damina.

Ni ma na biya nawa. Na haihu lafiya, namiji, aka yi suna, na gama wanka na koma ɗakina, duk Baba bai sake kirana bakin ƙofar soro ba. Yana amsa gaisuwata, yana aiko mini da tsire, amma hirar nan tamu ta tafi. Maigidana kuwa har ya bar duniya, da furfurarsa, a kan shimfiɗarsa, bai taɓa tayar da maganar ba. Ban sani ba ko fitilar Baba da ta tashi da ɗakin. Wataƙila da ta yi shekaru ba abin da ya faru. Ba wanda ya sani, kuma abin da na fahimta daga baya ke nan: ɗan farantin nan an yi shi ne don kada mai shiga ɗaki ya rayu a kan wataƙila.

Fitilar Baba tana nan a soro har Baba ya tsufa, a ciki yake tara ƙananan ƙusoshi. Da yaron ya yi wayo na kai shi gaisuwa wata rana, ya hau kan buzu, ya sa yatsa a ƙananan hudojin da ke gefenta, ya ce, "Kaka, me ya faɗi a nan?"

Baba ya ce, "Ba abin da ya faɗi. Wurin shaida ne, ni kuwa ban gani ba." Ya shafa kan yaron. Sannan, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Uwata, matso daga bakin ƙofar nan, kin tare mini haske."