Adireshin da ke hannuna na dama

Shekarun baya, tun ban yi wannan ƙibar da kuke tsokanata da ita ba, na kusa rasa aikin koyarwa saboda wani rubutu da ke jikina. Waɗanda suka san ni ido da ido sun san shi. Yana hannuna na dama, ta ciki, tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Sunana ne da sunan mahaifina, sai a ƙasa aka rubuta unguwarmu da garinmu, Kaladan, Tamale. Baƙi ne da, yanzu ya koɗe ya koma kore-kore, haruffan kuma sun karkace don hannun ya girma ya bar su.

Ba ni na zaɓa ba. Mahaifiyata fataucin doya da man kaɗe take yi zuwa kudu, irin matan nan da ke hawa saman kaya a babbar mota su yi ta keta daji har Techiman ko Kumasi. A cikinsu da wuya ka ga wadda ba ta da wannan rubutun. Dalilinsu guda ne: in mota ta faɗi a inda ba wanda ya san ka, jaka tana ɓata, kati yana ɓata, amma hannu yana nan tare da mai shi. Da na isa bin ta lokacin hutu, sai ta ja ni wurin wani tsoho a bayan tasha, mai allurai ɗaure wuri guda da kwalbar baƙar tawada. Na yi kuka har muryata ta dushe. Ita kuwa ta danne ni da cinyarta tana cewa in yi shiru, ba ta son a binne ta ko a binne ni a garin da ba mai yi mana addu'a. Da aka gama ta saya mini ƙosai, ni kuma da wautar yarinta na ga kamar an biya ni.

Ban san abin kunya ba ne sai da na gama kwalejin horon malamai na fara neman aiki. Kafin in samu koyarwa na je wani babban shagon magani da ke neman mai tsayawa a kanta. Hira tana tafiya daidai, har na fara sayen babur a zuciyata, sai na miƙa wa manajan takarduna hijabina ya zame. Ya kalli hannun, ya kalle ni, fara'arsa ta ɗauke. Cikin ladabi ya gaya mini cewa masu sayen magani suna son ganin mai ilimi a gabansu, in suka ga wannan za su ɗauka kayayo aka ɗauko, wato ƴan matan nan da ke dako a kasuwannin kudu. Na fito ina dariyar yaƙe, na shiga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, sai da muka yi nisa hawayen suka zo. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ban taɓa jin an raina mahaifiyata ta jikina ba sai ranar.

Daga nan na sayi safar hannu, irin mai kamawa daga wuyan hannu har damtse. Da ita na je neman aiki a wata makarantar kuɗi a unguwar Lamashegu, mai haɗa boko da Islamiyya. Mai makarantar wata Hajiya ce da kowa ke shakka. Doguwa ce, ba ta ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin wanda ya sa ta maimaita magana ba. A babur take zuwa, zaune ƙyam, in ta shigo ƙofa har masu sayar da wake da shinkafa a bakin katanga sai su rage surutu. Ranar da ta ɗauke ni ta lissafa mini dokokinta tana kallona ta saman tabarau: ba latti, ba dogon farce, ba shafa man bilicin, ba tatu a jiki. Ta ce iyayen yara amanar tarbiyya suka kawo, kuma yaro da ido yake koyo kafin kunne. Na ce, “To, Hajiya.” Ba ta tambaye ni ko ina da shi ba, ni ma ban ga dalilin yin tallar kaina ba.

Haka na yi ta koyar da ƴan aji uku da safa a hannu. Kun san zafin Tamale in ya tashi. Sauran malamai mata suna fifita, ni ina fama da ƙaiƙayi a ƙarƙashin safa, ina cewa ai fatata ce ba ta son rana. Alwala kuwa a banɗaki nake yi, ƙofa a rufe. Aikin nan shi ne komai nawa a lokacin. Gwiwoyin mahaifiyata sun hana ta hawa mota, mahaifina ya rasu, gidan kuma ni yake kallo.

Ruwa ne ya tona ni. Famfo ya ɗauke a unguwar, aka kawo ruwan tanka aka zuba a duro ɗaya a tsakar makaranta, Hajiya ta ce kowa a nan zai yi alwala don kada a yi ɓarna. Na jira har kowa ya watse, na tsuguna bayan duron, na zare safar. Ina cikin wanke hannu zuwa gwiwa na ji mutum a kaina. Uwar wata ɗalibata ce, ta zo ɗaukar yarinyar da wuri. Ta amsa gaisuwata, amma idonta ba a fuskata yake ba.

Kafin la'asar magana ta shiga zauren wasaf na iyayen yara. Wata abokiyar aikina ta kunna mini muryar matar, da irin Hausarsu ta kasuwa: “Madam na aji uku ya yi tatu, na gani da ido na, babba paa. Wannan ne zai koya ma yara namu addini?” Daga nan kowa ya sa baki. Wani ya ce haramun ne, wani ya ce alwalata ma ba ta yi, wata ta ce dama ta lura da yadda nake tafiya. Ni da ko kwalli ban cika sawa ba, aka mai da ni ƴar duniya kafin magariba. Malamin Islamiyyarmu, Allah ya saka masa, ya ce abin da aka yi wa yaro ba laifinsa ba ne kuma alwala tana yi, amma muryarsa ta nutse a cikin hayaniya.

Hajiya ba ta kira ni ofis ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Sanarwa kawai ta bayar cewa akwai taron iyaye ranar Asabar da safe, kuma in zo. Ban gaya wa mahaifiyata ba. Me zan ce mata? Na kwashe ƴan littattafaina daga aji tun ranar Juma'a, don kada in dawo kwasar kaya a gaban yara.

An jera bencina a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, mata sun fi yawa, maza ƴan kaɗan a gefe. Aka bar kowa ya faɗi abin da ke ransa. Wani mutum ya ce in ba a sallame ni ba zai cire ƴaƴansa, ai makarantu sun yi yawa a Lamashegu. Da suka gama ta miƙe, ta gode musu, sannan ta roƙi mazan su ɗan ba mu wuri, har da malamai. Suka fita suna waiwaye. Ta sa aka tura ƙyauren.

Ta ce, “Madam, zo nan. Cire safar.”

Na cire, na miƙa mata hannun. Ta kama shi ta ɗaga yadda kowa zai gani, ta karanta da ƙarfi, sunana, sunan mahaifina, unguwarmu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Ta tambaye ni wa ya sa aka yi mini, na ce Mma ce, mahaifiyata. Ta tambayi sana'arta, na faɗa. Ta gyaɗa kai ta sake ni.

Sai ta ɓalle maɓallin hannun rigarta na dama, ta fara naɗewa a hankali.

Jama'a, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. Daga wuyan hannunta zuwa kusa da gwiwa tabo ne, fatar ta tattare ta yi sheƙi, kuma siffar dutsen guga ce sak, har da tsinin bakinsa. A gefen tabon, inda ƙarfen bai kai ba, akwai ragowar harafi ɗaya da rabin wani, kore-kore irin nawa. Wata mata a gaba ta yi salati a hankali.

Hajiya ta ba da labarin ba tare da muryarta ta canza ba, kamar tana sanar da ranar komawa hutu. Ta ce ita ma ƴar mai fatauci ce, daga unguwar Nyanshegu. Tana budurwa ta samu damar aikin ofis a Accra, aka gaya mata ba sa ɗaukar mai irin wannan zane. Ba ta shawarci kowa ba. Ta zuba garwashi a dutsen guga, ta cusa zani a baki, ta ɗora. Ta samu aikin, ta ce, kuma ta yi shi da kyau. Tana can aka aiko mata cewa motar su mahaifiyarta ta faɗi a hanyar kudu, an kai mutane wani ƙaramin asibiti. Da ta isa aka shigar da ita ɗakin da aka jera su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba ta gane kowa ba, don ba fuskar da ta rage yadda take. Wani ma'aikaci ne ya ce mata ta daina duba fuska, ta duba hannu.

Sannan ta ce, “Da wannan hannun da na ƙona na ɗaga nata na karanta. Shi ya sa uwata take kwance a Tamale, inda nake zuwa in yi mata addu'a. Waɗanda ba su da rubutu, a can aka haƙa musu rami ɗaya.”

Ina tsaye a gefenta ina kallon matan, sai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: nan da can, musamman cikin manyan, akwai masu jan hijabi suna ƙara rufe hannun dama. Wata tsohuwa da ta rako jikarta tana share ido da bakin mayafi.

Hajiya ta ce dokar ita ta sa ta, don ta san bakin mutane kuma tana tsoronsa, ba za ta ɓoye ba. Amma ba za ta kori yarinya don uwarta ta so, in ta mutu a hanya, a mai da ita gida ba. Ta ce wadda ta ga ba za ta iya ba, ƙofa a buɗe take, ba gaba, kuma kowace ta je ta gaya wa mijinta abin da ta ga ya dace. Ta warware hannun rigar, ta maƙala maɓallin, ta ce a buɗe wa maza.

An cire yara, ba zan ce ba a cire ba. Mutumin nan ya cika maganarsa, wasu ma suka bi shi, kuma na san makarantar ta ji a jikinta a wannan zangon. Matar da ta fara maganar ba ta cire tata ba. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, sai dai daga ranar in ta zo takan tsaya ta tambayi jikin Mma.

Ranar Litinin na je ofis da dogon jawabin godiya da na tsara tun a hanya. Ban kai ga jimla ta biyu ba Hajiya ta duba agogo ta ce ajina yana jira, kuma in mai da littattafan da na kwashe, ta ga lokacin da nake fita da su kamar ɓarauniya. Na fito ina dariya ina kuka, abin dai ba kyan gani.

Na daɗe ina juya abin a raina. Na kasa gane irin zuciyar da ke sa budurwa ta riƙe ƙarfe mai wuta a jikinta har ya gama aikinsa. Na kuma kasa gane yadda matar da ta rufe wannan tabo tsawon shekaru, har malaman da suka tsufa a makarantarta ba su sani ba, ta buɗe shi a gaban matan unguwa saboda ma'aikaciyar da ko shekara ba ta cika ba. Tana iya sallamata cikin mutunci, ba wanda zai ga laifinta. Duk lokacin da na ji ana yanke wa mutum hukunci a wurin aiki saboda abin da ke fatarsa, ba na saurin sa baki, sai dai in ji ina son a tambaye shi tukuna wa ya yi masa, kuma don me.

Hajiya tana nan da ranta, ta tsufa, ta bar wa ɗanta makarantar. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, ni ma ban isa ba. Amma duk ranar da na je gaishe ta, in na durƙusa na miƙa hannu, ba tafina take kamawa ba. Sama take kamawa, ta ɗora babban yatsanta a kan rubutun, ta riƙe, tana tambayata yara da maigida da tsadar kayan miya. Ina jin yatsan yana bin haruffan a hankali. Ban taɓa nuna mata na lura ba, kuma ba na janye hannun sai ta sake shi da kanta.